Versailles: Dajin Farauta da Aka Mayar Fadar Faransa

A farkon ƙarni na 17, Versailles ƙauye ne na 'yan ɗaruruwan mutane, kimanin kilomita 20 kudu maso yammacin Faris. Akwai coci, akwai tsohon gidan mai gari da ya soma zubewa, akwai ɗakunan kwanan matafiya, domin ta nan hanyar da ake koro shanu daga Normandi zuwa mahautan Faris ta bi. A kan wani ɗan tudu kuma akwai injin niƙa mai aiki da iska. Sauran duk kurmi ne da fadama da tabkuna masu kwantaccen ruwa. Babu kogi, babu wadataccen ruwan sha, ga sauro. Mai neman wurin kafa birni ba zai dubi wannan ƙasa sau biyu ba. Namun daji kuwa nan ne gidansu: barewa mai rassan ƙaho, aladen daji, zomo, makwarwa, har da kerkeci.

Don waɗannan dabbobi aka zaɓi wurin, ba don komai ba. Yawancin masu ba da labarin Versailles da zauren madubai da ruwan zinariya suke farawa, su ambaci farautar a layi ɗaya su wuce. A ganina sun bar jaki suna dukan taiki. Farauta ce ta kawo sarki nan, ita ta sa aka haɗiye gonaki da ƙauyuka, kuma kusan duk wahalar da ginin ya jawo, daga neman ruwa har zuwa rayukan leburori, ta samo asali ne daga ɗora gwamnatin ƙasa a kan filin da ya dace da dabba.

Sarkin da ke gudun fada

Louis na 13 bai cika shekara shida ba aka fara kawo shi farauta a wannan daji, a watan Agustan 1607. Likitansa, Jean Héroard, wanda yake rubuta abin da yaron ya ci da abin da ya faɗa a kullum, ya rubuta cewa ran nan an kamo ɗan zomo da 'yan tsuntsaye. A 1610 aka daɓa wa ubansa, Henri na 4, wuƙa a kan titin Faris. Yaron ya hau gado yana da shekara takwas, mulki kuwa ya koma hannun mahaifiyarsa, Marie de Médicis, da 'yan gaban goshinta. Ya tashi da in'ina, ga kunya, ga yawan laulayi, ba ya sakin jiki da fadawa. Inda ake ganin walwalarsa shi ne a bayan doki, da shaho a hannu. Mutumin da ya fi yarda da shi a ƙuruciya ma, Charles d'Albert de Luynes, mai kula masa da tsuntsayen farauta ne. Da shi aka ƙulla kawar da Concini, na hannun daman uwar sarki, a 1617, daga baya kuma ya zama shugaban askarawan Faransa baki ɗaya.

Farautar barewa irin tasu ba ta da lokacin tashi. Dabba guda ake ware wa karnuka, a bi ta da dawakai da busar ƙaho, wani lokaci tun hantsi har duhu, sai ta gaji ta tsaya. In dare ya riski sarki a dajin Versailles, komawa fadar Saint-Germain aiki ne. Saint-Simon, wani basarake da ya zauna a fadar Louis na 14, ya ba da labarin cewa sarkin ya gaji da kwana a masaukin masu amalanke ko a cikin injin niƙa. Saboda haka a 1623 ya sa aka gina masa wurin kwana a kan tudun, ya soma sauka a ciki a 1624. Gini ne mai tsawon kimanin mita 24 da faɗin mita 6, da ɓangarori biyu a gefe, an zagaye shi da gwalalo. Manyan fada sun raina shi. Bassompierre, ɗaya daga cikin manyan hafsoshin sarki, ya ce gida ne da ko ƙaramin basarake ba zai yi alfahari da shi ba.

Ƙanƙantar nan da gangan aka yi ta. Ba a ware wa sarauniya, Anne ta Ostiriya, ɗaki ba. Takan zo ziyara, amma ba ta kwana. Gidan maza ne da karnuka da dawakai, wanda sarki ya kira shi ne kawai zai zo.

Amfanin wannan keɓewa ya fito fili a Nuwamban 1630. Uwar sarki ta dage sai ɗanta ya tuɓe wazirinsa, Richelieu, babban malamin cocin da ke riƙe da ragamar mulki. A fadarta ta Luxembourg ta zazzaga wa wazirin zagi a gaban sarki, shi kuma ya durƙusa yana hawaye. Sarki bai ce uffan ba, ya fita, ya hau ya nufi Versailles. Duk Faris ta ɗauka an gama da Richelieu, fadawa suka yi ta tururuwa zuwa gaishe da uwar sarki da Michel de Marillac, wanda ake zaton shi zai gaji kujerar. Da yamma sai ga saƙo ya iske Richelieu cewa ya taho Versailles. A ɗan gidan nan, inda babu kuka babu ihu, sarki ya tabbatar masa da muƙaminsa. Washegari aka karɓe hatimin mulki daga hannun Marillac aka tsare shi, ya rasu a tsare a 1632. Uwar sarki ta bar Faransa a 1631, ba ta sake ganin ɗanta ba, ta rasu a birnin Kolon na Jamus a 1642. Wannan shi ne karo na farko da aka yanke babbar shawarar ƙasa a Versailles, kuma an yanke ta a can ne saboda wurin ba fada ba ne.

Daga 1631 zuwa 1634 magini Philibert Le Roy ya sake ginin, ya ɗan faɗaɗa shi da jan bulo da farin dutse da rufin baƙin dutse. A 1632 sarki ya sayi sarautar ƙasar Versailles gaba ɗaya daga Jean-François de Gondi, shugaban cocin Faris. An ce burinsa shi ne in ɗansa ya kai munzalin mulki ya miƙa masa sarauta, shi ya dawo nan ya yi ibada. Bai samu ba. Ya rasu a Mayun 1643 yana da shekara 41, ɗan yana da huɗu.

Ɗan da ya ƙi rushe gidan ubansa

Zuwan Louis na 14 na farko gudun annoba ne: a Oktoban 1641 aka kawo shi da ƙanensa saboda agana ta ɓarke a Saint-Germain. Ya dawo farauta a 1651, lokacin da ƙasar ke cikin tawayen manyan alƙalai da sarakunan gargajiya da ake kira Fronde. A cikin wannan tawaye ne, a wani daren Janairun 1649, aka sulale da shi daga Faris, 'yan rakiyarsa suka kwana a kan ciyawa a Saint-Germain. Yaron da aka fitar daga birninsa da dare ba ya mantawa. Bai taɓa sakin jiki da Faris ba, bai kuma yarda manyan masu sarauta su zauna nesa da idonsa ba.

A 1661 waziri Mazarin ya rasu, sarki ya ce shi zai riƙe mulki da kansa. A ranar 17 ga Agustan shekarar, ma'ajin ƙasa Nicolas Fouquet ya shirya masa liyafa a sabon gidansa na Vaux-le-Vicomte, gidan da ya fi duk abin da sarki ya mallaka kyau. Ranar 5 ga Satumba aka kama Fouquet. Dama an riga an ƙulla kamun kafin liyafar, amma abin da sarki ya gani bai fita daga ransa ba. Ya ɗauko mutum ukun da suka yi wa ma'ajin aiki: Louis Le Vau mai zanen gini, André Le Nôtre mai tsara lambu, da Charles Le Brun mai zanen bango, ya tura su Versailles.

Colbert, wanda ya karɓi ragamar kuɗi, bai so ba. Ya rubuta wa sarki a fili cewa wannan gida na nishaɗi ne, ba zai ƙara masa ɗaukaka ba, kuma abin takaici ne a bar fadar Louvre da ke tsakiyar Faris ana zuba dukiya a daji. Gaskiya ya faɗa, amma ba a saurare shi ba. Ya koma yana biyan kuɗin aikin da bai yarda da shi ba har ya rasu a 1683.

Masu zanen gini sun so a rushe tsohon gidan a fara daga tushe. Sarki ya yi ta jinkiri, a ƙarshe ya ƙi. Sai Le Vau ya nemo dabara daga 1668: ya lulluɓe gidan bulon da sabon gini na farin dutse ta gefe uku, ya bar fuskarsa ta gabas a buɗe. Shi ya sa har yau wanda ya shigo ta ƙofar gari yake ganin jan bulo a kewaye da farfajiyar marmara, in ya zagaya ta lambu kuma ya ga wani gini daban, dogo, fari. An yi wa fuskar bulon kwaskwarima da gumaka da ruwan zinariya, amma gurbin masaukin farautar ne. Daga 1678 Jules Hardouin-Mansart ya karɓi aikin, ya ƙara dogayen ɓangarorin kudu da arewa, ya gina zauren madubai mai tsawon mita 73 da madubi 357. Ranar 6 ga Mayun 1682 aka dawo da fada da ma'aikatun gwamnati Versailles, gini bai ma ƙare ba, ana shiga ana tsallake tarin yashi da katakon magina. A 1701 sarki ya mayar da ɗakin kwanansa tsakiyar tsohon gidan ubansa, yana kallon gabas, a nan kuma ya rasu ranar 1 ga Satumban 1715.

Gidan da aka gina don gudun taro ya zama matattarar dubban mutane. Tun 1679 shi kansa sarki ya fara gina wani ƙaramin wuri a Marly, inda babu mai zuwa sai da gayyata.

Ruwa

Versailles tana da ruwan da ba a so, ba ta da wanda ake so. Na farko sai an janye shi. Fadamar da ke kudu da fada, wadda mutanen wurin ke kira tabki mai wari, sojojin haya 'yan Suwizalan aka sa suka haƙe ta ta zama tafkin ado, zazzaɓin cizon sauro ya kwashe da dama daga cikinsu. A 1678 wata basarakiya, Madame de Sévigné, ta rubuta a wata wasiƙa cewa da dare ake fitar da gawarwakin leburori a amalanke, ana ɓoyewa don kada sauran su tsorata. A 1685 wani bafade, Dangeau, ya rubuta cewa mutum 36,000 ne ke aikin sarki a Versailles da ayyukan da suka danganci ta. Waɗannan mutane ba a sassaƙa wa ko ɗayansu gunki ba, alhali a kan bayansu kowane dutse ya hau.

Na biyun kuma sai an jawo shi daga nesa, a hau da shi tudu, domin fadar ta fi kogin Seine tsayi da fiye da mita 100. Tsakanin 1681 da 1684 aka kafa wani ƙaton inji a bakin kogin kusa da Marly, aikin wani kafinta ɗan Liège mai suna Rennequin Sualem. Manyan ƙafafun katako 14 ne igiyar ruwa ke juyawa, su kuma suna tuƙa famfuna fiye da 200, ana tura ruwan hawa-hawa har kimanin mita 160 zuwa kan tudu. Ƙararsa tana hana maƙwabta barci, kullum cikin gyara yake, kuma bai taɓa ba da ruwan da aka yi tsammani ba. Da hakan bai isa ba, sai aka ce a karkato kogin Eure daga nisan kimanin kilomita 80. A 1685 aka tura dubban sojoji haƙa, aka soma gina gadar ruwa a Maintenon. Zazzaɓi ya yi musu ɓarna, yaƙi ya ɓarke a 1688, aka kwashe sojojin zuwa fagen fama. Ko ɗigo ɗaya na Eure bai iso Versailles ba. Ginshiƙan gadar suna nan tsaye har gobe. A 1689 kuma sarki ya sa aka narkar da kujeru da teburan azurfa na fadar don biyan kuɗin yaƙin.

Da yake ruwan bai taɓa isa a kunna duk maɓuɓɓugan lambun lokaci guda ba, masu kula da famfo suka fito da tsari. In sarki ya fito zagaya, sai su rarrabu a bayan bishiyoyi da usur a baki. Wanda ya hango shi ya busa, na gaba ya murɗa makullin bututu ruwa ya tashi sama, na baya kuma ya rufe nasa da zarar sarki ya ba shi baya. Duk inda sarki ya duba ruwa yake gani yana tsiri. A bayansa kuwa an riga an kashe.

Ganuwar dabbobi

Duk wannan gine-gine bai rage farauta ba, ƙara ta ya yi. A gaban fada aka gina manyan bargunan dawakai biyu tsakanin 1679 da 1682, a 1685 aka ƙara gidan karnuka. Akwai sarautar shugaban farautar barewa, da ta mai kula da shahuna, da ta mai farautar kerkeci, kowanne da tarin ma'aikata a ƙarƙashinsa. Aka tsaga dazuzzuka da miƙaƙƙun hanyoyi masu haɗuwa a wuri guda, don mai tsaye a mahaɗa ya hango inda dabba ta ƙetare. Da Louis na 14 ya faɗo daga doki ya ji ciwo a hannu a 1683, sai ya koma bin farauta a ƙaramin keken doki da yake tuƙawa da kansa, har tsufansa. Karnukansa na kusa a cikin fada suke kwana, da hannunsa yake ba su abinci, ya kuma sa mai zane François Desportes ya zana su da sunayensu.

Farauta ta zama ma'aunin kusanci da sarki. A zamanin Louis na 15, wanda ke fita daji kusan sau uku a mako, saurayi ba ya samun izinin shiga kekunan sarki ya bi farauta sai ya kawo takardun da ke nuna gidansu na sarauta ne tun shekarar 1400. In an dawo da yamma, waɗanda sarki ya zaɓa ake kira sunayensu su hau cin abinci da shi a wani keɓaɓɓen ɗaki, sauran su juya. Muƙamai da yawa a irin wannan tebur aka samo su.

Nauyin abin kuwa a kan wa ya sauka? A 1668 Louis na 14 ya sayi ƙauyen Trianon ya rushe shi. A 1673 aka rushe tsohon ƙauyen Versailles kansa. A cikin shekarun 1680 aka zagaye dajin farautar da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 40, da ƙofofi sama da 20, kowace da mai gadi. A cikin ganuwar akwai ƙauyuka da mutanensu da gonakinsu, irin su Buc, Guyancourt, Bailly, Saint-Cyr da Bois-d'Arcy. Ba a kore su ba. An bar su su yi noma a cikin gandun dabbobin sarki.

Dokar ruwa da dazuzzuka ta 1669, wadda Colbert ya tsara, ta soke hukuncin kisa a kan laifin farauta, wannan a yaba mata. Amma ta haramta wa talaka farauta. Karo na farko tarar livre 100, kuɗin da lebura zai yi watanni yana nema. Karo na biyu a ninka. Karo na uku a sa shi a turu ranar kasuwa, a kore shi daga yankin shekara uku. A yankunan farautar sarki da ke kewaye da Faris, waɗanda ke da nasu dogarai da nasu kotuna, abin ya wuce nan. Manomi ba zai yanki ciyawarsa ba sai bayan 24 ga Yuni, komai nunarta, don kada a taɓa ƙwan makwarwa. Akwai lokutan da ba a yarda ya shiga gonarsa cire ciyawa ba. In ya gama girbi, wajibi ne ya kakkafa ƙaya a gonar don kada wani ya ja raga da dare ya kama tsuntsaye. Karensa sai an rataya masa gungume a wuya yadda ba zai iya bin zomo ba. Katange gona ma sai da izini. Duk manomin da ya taɓa wayar gari ya tarar dabbobi sun kwana a cikin yabanyarsa ya san wannan ɗaci, sai dai a nan dabbar ta sarki ce, in ka ɗaga mata sanda kai ne mai laifi. Zomaye su cinye alkama tun tana tsiro, barewa da aladen daji su tattake abin da ya rage, ranar farauta kuma mahaya su ratsa ta tsakiyar gona. Bayan haka mai karɓar haraji ya zo, ba ya rage ko kwabo.

Wannan shi ne ɓangaren tarihin Versailles da ya fi ci mini rai, kuma shi ne maziyarci ba ya gani, domin ba a ginin yake ba.

Shekarar 1789

A Yulin 1788 ƙanƙara ta lalata amfanin gona a yanki mai faɗi, sanyin da ya biyo baya ya yi tsanani, burodi ya yi tsada. Da sarki Louis na 16 ya kira babban taron wakilan ƙasa, aka ce kowane gari ya rubuto kokensa. A ƙauyukan kewayen Faris, ɓarnar namun daji da zaluncin dogaran daji suna cikin abin da aka fi maimaitawa. Wasu ba su jira amsa ba, suka fita da sanduna da tarkuna suna kashe zomaye a filin Allah. Taron ya buɗe a Versailles ranar 5 ga Mayu. A daren 4 ga Agusta majalisa ta amince a rushe gatan masu sarauta, dokar 11 ga Agusta kuma ta soke keɓe farauta ga wasu, ta soke yankunan farautar sarki da kotunansu, ta nemi a saki waɗanda aka ɗaure ko aka kora saboda farauta kawai. Majalisar ta ce za a duba yadda za a bar wa sarki wurin nishaɗinsa. Sarki ya yi ta jan ƙafa, ba a tabbatar da dokar ba sai a Nuwamba.

Ana yawan kafa hujja da littafin da Louis na 16 yake rubuta ayyukansa, inda a ranar 14 ga Yuli, ranar da aka fasa kurkukun Bastille, ya rubuta "ba komai". A yi masa adalci: littafin yawanci na lissafin farauta da tafiye-tafiye ne, abin da yake nufi shi ne bai fita daji ba ran nan. Amma abin da ya rubuta ranar 5 ga Oktoba ba ya bukatar fassara. Ran nan dubban matan kasuwannin Faris suka taso a ƙafa cikin ruwan sama suna neman burodi, suka nufo Versailles. Sarki yana harbi a wajen Meudon, sai da aka tura mahayi ya kira shi. A littafin ya rubuta cewa ya yi harbi a ƙofar Châtillon, ya kashe guda 81, al'amura suka katse shi.

Da asubar 6 ga Oktoba mutane suka kutsa cikin fada, suka kashe dogarai biyu, sarauniya Marie-Antoinette ta tsere ta wata ƙaramar ƙofa zuwa sashen sarki. Jama'a suka cika farfajiyar marmara. Daga barandar ɗakin kwanan nan na tsakiyar tsohon gidan, sarki ya fito ya yi alkawarin binsu Faris. Da rana aka tafi da shi da iyalinsa zuwa fadar Tuileries. Babu sarkin Faransa da ya sake zama a Versailles.

Bayan sarakuna

A cikin juyin juya halin da ya biyo baya, an fille wa Louis na 16 kai a Janairun 1793. Daga 1793 zuwa 1794 aka yi gwanjon kayan fadar, kashi fiye da 17,000. Aka yanka dajin farautar aka sayar, ganuwar ta zube a wurare da yawa, 'yan ƙofofi ne suka rage, irin ta Jouy. Mutanen garin, waɗanda abincinsu ya dogara da fada, suka ragu da kusan rabi. Filin da ya rage wa fadar a yau hekta 800 ne, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ganuwar ta taɓa rufewa.

Sarki Louis-Philippe ne ya ceci ginin, ya mayar da shi gidan tarihi a 1837, ko da yake ya farfasa ɗakunan fadawa da yawa don ya samu wurin rataye manyan zane-zanen yaƙi. A zauren madubai aka naɗa sarkin sarakunan Jamus ranar 18 ga Janairun 1871, lokacin da Faransa ke shan kashi a yaƙi da Jamusawa. A nan kuma aka sa Jamus ta rattaba hannu a yarjejeniyar 28 ga Yunin 1919, bayan Yaƙin Duniya na Farko, wadda ta raba ta da ƙasashen da ta mallaka a Afirka. Daga nan aka raba Kamaru tsakanin Faransa da Ingila, kuma rabon Ingila na arewa, inda Mubi da Dikwa suke, shi ne ya zaɓi haɗewa da Nijeriya a ƙuri'ar 1961. A shekarun 1920 attajirin Amurka John D. Rockefeller ƙarami ya ba da kuɗin gyaran rufin da ke yoyo, a 1979 kuma UNESCO ta sa fadar da lambunta cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Farautar masu mulki ta daɗe bayan sarauta. Shugabannin jamhuriya sun gaji dazuzzukan Marly da Rambouillet, suna gayyato ministoci da jakadu da manyan baƙi harbin tsuntsaye, har sai da Jacques Chirac ya dakatar da hakan a wuraren biyu a 1995. A gefen lambun Versailles kuma akwai wani ƙaramin gida mai suna La Lanterne, wanda Yarima de Poix, gwamnan Versailles kuma shugaban farautarta, ya gina a 1787. Daga 1959 aka ba firaministocin Faransa shi don hutu, a 2007 Nicolas Sarkozy ya karɓe shi, tun daga lokacin kuma yana hannun shugaban ƙasa.